Satar Furen Mayu

Dona Zulmira ba ta taɓa ba kowa reshen furenta ba, amma babu gida a layinmu da ba shi da jikan furen nan. In kin je kin yaba, sai ta ce bari ta duba kofi a wuta, ta shige kicin ta daɗe tana buga cokula. Kafin ta fito kin murɗe gaɓa uku kin cusa a aljihu. Mu nan kan tudun Teresópolis haka muka taso muka tarar: reshen da aka sata shi ke kamawa, wanda aka ba ki kika yi godiya kuwa ya riga ya mutu.

Shekara arba'in ta yi tana wanki da guga a gidajen masu hali da ke hawowa daga Rio shan iska. Mijinta Anacleto birkila ne, 'ya'yansu biyu, Valdeci da Marlene. Furen Mayun, wanda a watan Mayu yake fure, gadon uwarta ne, ganyensa gaɓa-gaɓa kamar ƙafar ƙaguwa, yana rataye a baranda cikin gwangwanin man girki. Shekarar da ruwa ya kwana huɗu bai ɗauke ba, tudu ya tsage ya sauko da rana tsaka. Ita tana gidan aiki, Valdeci ya riga ya koma birni. Anacleto da Marlene suna cikin gidansu. Da aka gama tono, abin da ya fita da rai daga gidan gwangwanin nan ne kaɗai, a maƙale a bishiyar gwaiba.

Ɗakin bayan gidana ta dawo. Shekara goma sha biyar, sau biyar na taya ta sauya wa furen mazauni. Ba ta taɓa shi sai fure ya gama zuba, sanyin Yuli ya shigo. Sabon gwangwani bai wuce tsohon da faɗin yatsa ba, ta huda gindinsa da ƙusa wuri shida. Ta daka ɓawon itace da gawayi, ta haɗa da ruɓaɓɓen ganye, ƙasa 'yar kaɗan. Takan ce shi a kan reshen bishiya Allah ya halicce shi, cikin hazo, saiwarsa matsi take so da iska. Ni aikina riƙe gwangwani ne da shan faɗa.

"Neuza, hannu ne wannan ko guduma? Matsa, ba rogo muke tona ba."

Bara ta zame a banɗaki, ƙugu ya karye. Valdeci ya zo da mota ya kwashe ta zuwa Caxias, can ƙasa inda zafi ke dafa mutum da ransa. Na ce masa ya bar min ita, na iya da ita. Ya ce mutane za su ce me. Shekara goma sha biyar bai damu da abin da mutane ke cewa ba, sai da tsohuwa ta daina tashi. Ta tafi da gwangwaninta a cinya.

Matarsa Cleide ba muguwa ba ce, kuma shi ya fi ba ni haushi, don ban sami wanda zan zaga ba. Ranar iyaye mata, Lahadi ta biyu a watan Mayu, ta ga kunya ce furen surukarta ya zauna a gwangwani mai tsatsa. Ta sayo ƙatuwar tukunyar tangaran mai ruwan zinariya a baki, ko huda ɗaya babu a gindinta. Ta tumɓuke furen yana cike da toho, ta binne shi cikin baƙar ƙasar lambu, ta kawo gaban gado da kirtani ja a ɗaure. Valdeci yana ɗaukar hoto. Zulmira, da ke cin abincinsu tana kwana ɗakinsu, ta buɗe baki ta ce ta gode. Kullum safe Cleide na zuba masa ruwa kofi biyu.

Sai a Yuni na samu na sauka. Daga ƙofa na ji warin, irin na dankalin da ya ruɓe a buhu. Toho duk ya zube, ganye ya yi laushi ya kwanta a bakin tukunyar. Ita ma ta zama rabin yadda na san ta. Na ce me ya hana ta magana? Ta ce ai kirki yarinyar ta yi mata. Na ce bari in kira Cleide in gaya mata abin da ta aikata, ta riƙe min zane.

"Ki bar ta. Ba kya ganin bangon nan yana son fenti?"

Na ce wane bango kuma. Da ƙyar, tana nishi, ta juya karyayyen ƙugunta ta fuskanci bango.

"Wannan. Bari in dube shi da kyau. Zan daɗe."

Sai na gane. Na bi rassan ɗaya bayan ɗaya ina latsawa, yawanci suna narkewa a yatsana. Gaɓa biyu kaɗai na samu masu tauri. Na murɗe su na sa a rigata. Da na miƙe tafiya ban yi godiya ba, ita ma ba ta juyo ba.

A Agusta aka binne ta a can Caxias, nesa da Anacleto da Marlene, wai hawo da gawa wahala ne. Tukunyar tana falonsu, Cleide ta cika ta da furen roba.

Gaɓa ɗaya ta ruɓe a sati na biyu. Ɗayar tana nan cikin gwangwanin madara a tagata, na huda shi wuri shida. Wata goma ke nan. Ba ta bushe ba, ba ta kuma fid da ko ganye ɗaya ba, ga Mayu ya kusa.