Farin da Baba Shahata Ya Shafa

Baba Shahata ya ƙare ƙuruciyarsa yana rufe abin da wasu suka bari a bango. Tun yana yaro ya bi kawunsa sana'ar fenti a unguwar Karmuz ta birnin Iskandariyya a ƙasar Masar, yana riƙe tsani yana dama farar ƙasa, har ya kai shi ma ana riƙe masa tsani. Ya shafe ɗakunan amare, ya shafe ɗakunan da aka fitar da gawa, ya shafe katangun makarantu da yara suka cika da sunayen 'yan ƙwallo. Iskar teku ba ta barin fenti ya daɗe a garin nan, don haka bai taɓa rasa aiki ba, sai ranar da tsani ya zame da shi ya bar masa gwiwar da ba ta lanƙwasuwa. Matarsa ta riga ta rasu, 'ya'yansa maza sun tafi neman abinci a Libiya. Sai ya koma gadi.

Gadin na wani tsohon siton auduga ne kusa da tashar jiragen ruwa. Wasu matasa da suka gama makarantar zane sun haɗa kai sun kama hawan sama, saboda faɗinsa da manyan tagoginsa. Ranar da ya fara hawa wurinsu ya tsaya a bakin ƙofa yana neman abin da zai gane. Babu mutum a zanensu, babu doki, babu kwale-kwale. Launi ne kan launi, da layuka, da wuraren da aka kankare da wuƙa.

Wani dogon saurayi mai suna Bishoi ya ce masa, "Baba, me ka gani?"

"Na ga bangon gidan haya bayan an yi ruwan sama."

"Ka ji mutumin da ya gane! Malamanmu ma ba su kai nan ba."

"To da ni ne mai gidan, da na kore ku tun jiya."

Suka fashe da dariya, daga ranar ya zama nasu. Shi ke dafa musu shayi, shi ke sayo musu wake da burodi da safe, shi ke yi musu faɗa in sun bar burushi ya bushe da fenti a baki.

Ƙyallen zane da katakonsa suna da tsada, matasan kuma ba masu shi ba ne. Sai suka yi wata al'ada tsakaninsu. Duk wanda zanensa ya ƙi shi, ya ga babu gyara, ba sai ya yi wa kowa bayani ba. Ya ɗauke shi ya kai kan matakala, ya jingine shi fuskarsa na kallon bango. Da safe Baba Shahata zai goge shi da samfefa, ya shafe shi da fari, kafin azahar ya zama sabon ƙyalle, wanda ya riga kowa ya ɗauka. Sharaɗi ɗaya ne, kuma shi da kansa ya kafa shi: ba ya tambayar na wane ne. Ya ce wanda ya faɗi ba ya buƙatar a kira sunansa.

Farin nasa na da ne. Alli yake niƙawa, ya dafa danƙon fata a cikin gwangwani, ya gauraya su. Warinsa kan kori kowa daga matakalar.

Bishoi kan toshe hanci ya ce, "Baba, don Allah ana sayar da fari a roba, ba wari ba wahala."

"Wancan na ragwaye ne. Ka sha shayinka."

A cikin matasan akwai Rawiya, 'yar wani malamin lissafi da ya yi ritaya. Ba ta da yawan magana. Ba ta kafa ƙyallenta a tsaye kamar sauran, a ƙasa take shimfiɗa shi ta yi ta zagaya shi ba takalmi, ta durƙusa nan ta miƙe can. In ya kawo mata shayi, sai ta karɓa ba ta duba ba, ta dangwarar da kofin a kan zanen.

"'Yar nan, ba ga tebur can ba?"

"Tebur ya yi nisa, Baba."

"Ai kin ɓata aikinki."

"Ka sa hannu ke nan. In ya yi kyau mu biyu ne, in ya lalace kai kaɗai."

Ciwon jini ne ya kama ta a ƙarshen hunturu. Ta rage zuwa, sannan ta daina, sannan aka yi waya cewa ta rasu. Baba Shahata ya je jana'iza da gwiwarsa, ya tsaya a sahun baya, ya miƙa wa mahaifinta hannu cikin jerin masu ta'aziyya. Mahaifin nata, Ustaz Rif'at, mutum ne siriri mai tabarau, wanda ya amsa wa kowa da kalma ɗaya daidai wa daida. Bai san ko wane ne dattijon mai ɗingishi ba.

Bayan sadakar arba'in, wata Juma'a, Ustaz Rif'at ya ɗauki mabuɗin 'yarsa ya zo siton. Ya zaɓi Juma'a ne don ya san ba zai tarar da kowa ba. Niyyarsa ya kwashe zanenta ya kai gida. Ya fito da su ɗaya bayan ɗaya, yana riƙe da su ta baya, idonsa a kan katako, har ya kai su kan matakala. A nan ƙarfinsa ya ƙare. Bai taɓa zuwa ya ga aikinta ba tana da rai, kullum yana cewa sai ta yi baje koli ya gani gaba ɗaya. Yanzu ga su gaba ɗaya, ya kasa ɗaga ido. Ya jingine su fuska ga bango, ya kulle ƙofa, ya tafi.

Asabar da safe Baba Shahata ya hau ya tarar da su. Ya ce a ransa, wani ya yi fushi da kansa jiya. Ya ɗora gwangwaninsa a wuta, ya jawo mafi girma a cikinsu ya kwantar. Ya fara gogewa daga kusurwa guda, bai yi nisa ba samfefar ta yage a hannunsa, ita ke nan kuma ta rage masa. Shagon bai buɗe ba tukuna. Ya ce to a shafa hakanan. Ya bi shi da fari daga gefe zuwa gefe, lumui, yadda kawunsa ya koya masa, babu sawun burushi.

Da ya juyo na biyu sai ya ga zobe. Ɗan da'ira ne ruwan ƙasa a gefen wani shuɗi, daidai faɗin gindin kofinsa. Ya juyo na uku, ga wani. Ya zauna a kan matakala da burushin a hannu, farin yana ɗiga masa a takalmi.

A haka Bishoi ya same shi. Ya dubi zanen da aka juyo, ya dubi babban farin, ya dafe kai.

"Baba, zanen Rawiya na ƙarshe ne. Wanda ta hana mu ɗauka a waya sai ta gama. Ko hotonsa babu."

"Na sani yanzu."

"Shi za mu sa a tsakiya ranar baje kolin tunawa da ita." Ya rage murya. "Mahaifinta bai san yawansu ba. Mu shigar da shi ciki, mu wanke a hankali, in ya fita shi ke nan, in bai fita ba, babu wanda ya sani."

"Ni na sani."

"Zai wanku kuwa?"

"Danƙon fata ne, ruwan ɗumi yana sakinsa, tunda fentin mai ne a ƙasa. In an bar shi ya kwana biyu ya kama, sai a hankali. Amma ba nawa ba ne da zan sake taɓawa. Sau ɗaya na taɓa ban tambaya ba, ya isa. Kira min uban."

Ustaz Rif'at ya iso kafin azahar, da kwat ɗinsa a ɓalle har wuya. Baba Shahata ya tare shi a tsaye, ya faɗa masa komai yadda ya faru, da al'adar matakala, da samfefar, da zoben. Bai nemi uzuri ba. Ustaz ya saurara har ƙarshe, sannan a karon farko ya dubi zanen 'yarsa kai tsaye, domin babu abin gani a kansa sai fari.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Malam Shahata, babu laifinka. Ni na ajiye su a inda bai kamata ba. Ku bar shi haka."

Bishoi ya buɗe baki, Baba Shahata ya ɗaga masa hannu.

"Haka yaya, Ustaz?"

"Haka. Wannan zan iya kai shi gida in rataye."

Baba Shahata ya gane. Ya shafe ɗakunan mamata da yawa, ya san masu cewa a rufe komai yau yau, ya kuma san yadda wasunsu ke dawowa bayan shekara suna shafa bango da tafin hannu, suna neman inda yaro ya taɓa auna tsawonsa da fensir. Lokacin kuwa babu abin da zai iya yi musu.

Ya ce, "Ustaz, ka yi min haƙuri. Abin da kake kallo aikina ne. In ka rataye shi, Shahata ka rataye a falonka, ni kuwa ban kai a rataye ni ba. Ko matata ba ta yi ba."

Wani abu ya motsa a bakin Ustaz, bai kai murmushi ba.

"Ba zan iya ganinsa ba, Malam."

"Ba a ce ka gan shi ba. Ni ma ban taɓa ganin bango gaba ɗaya ba, inda hannuna yake nake kallo. Ga soso. Faɗin tafin hannu kawai. In ka ce a tsaya, a tsaya, sauran ya zauna da farinsa."

Ya ɗumama ruwa a butar shayi ya juye a bokiti. Da yake gwiwarsa ba ta durƙuso, sai ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafar gefe guda. Ustaz Rif'at ya cire kwat ɗin ya ba Bishoi, ya naɗe hannun riga, ya durƙusa.

"Kada ka dirza. Jiƙa, ka jira, ka ɗauke."

Ya jiƙa, ya jira, ya ɗauke. Farin ya narke kamar madara, wani kore mai duhu ya leƙo. Ya matsa gaba kaɗan, koren ya ci karo da wani ja siriri da aka ja da abu mai tsini. Ustaz ya bi jan da sosonsa don ya ga inda ya nufa. Jan ya karye, ya ɓace ƙarƙashin toka-toka, ya sake ɓullowa can gaba. Bai ce a tsaya ba.

Sun canja ruwa ya fi a ƙirga. Sauran matasan suka zo suka tsaya a bakin ƙofa. Wajen la'asar Ustaz ya isa wani wuri da fentin ya yi kauri, da alamar yatsu huɗu da aka ja a cikinsa tun yana ɗanye. Ya ajiye soson. Ya sa yatsunsa a cikin sawun, suka fi shi faɗi. Ya zauna a haka, Baba Shahata kuwa ya ci gaba da wanke nasa gefen bai ɗago ba.

Da suka gama, zanen ya dawo, ban da kusurwar da samfefa ta ci. Nan launin ya dushe, zaren ƙyallen ya fito.

Bishoi ya ce, "Zan iya gyara wurin, na san irin shuɗin da take haɗawa."

Ustaz ya ce, "A'a, ɗana. Bar shi." Ya goge tabarau, ya tambaya, "Ina ne samansa?"

Matasan suka dubi juna. Baba Shahata ya ce, "Ba ta taɓa tsayar da shi ba. Zagaya shi take yi."

"To a ƙasa za a nuna shi. Mu ma mu zagaya."

Haka aka yi ranar baje kolin. Mutane suka cire takalma suna kewaya shi, wasu sun gane wani abu, wasu ba su gane ba. Baba Shahata yana bakin ƙofa da butarsa. Wata mata ta tambaye shi me zanen yake nufi, ya ce ta tambayi masu karatu, shi dai ya san inda zoben kofinsa yake.

Zanen yana gidan Ustaz Rif'at yanzu, a ɗakin da ya fi samun hasken safe, kuma yana kallonsa kullum. Ya sha faɗa wa Baba Shahata cewa da ba a rufe shi da farin nan ba, da har yau yana bayan kabad fuska ga bango. Baba Shahata kan ce wannan maganar lissafi ce, ta fi ƙarfinsa.

Har yanzu yana gadin siton, yana dafa danƙonsa mai wari, kuma ba ya tambayar na wane ne. Sai dai yanzu in ya juyo zane a matakala, yakan bar shi a buɗe har a sha shayin safe. Duk Asabar Ustaz yakan zo da burodi mai zafi, su zauna a kan matakalar su biyu, suna kallon abin da wani yaro ko yarinya ya haƙura da shi.

Wani lokacin Ustaz ya ce, "Wannan jan bai yi muni ba."

Baba Shahata ya ce, "To a ba shi zuwa gobe."