Keken Goggo a Cikin Gilashi

Goggo tela ce. Tun tana budurwa take taka keken ɗinki a shagonta na bayan fada, amma ba ta taɓa leƙa cikin fadar ba. Da aka mai da fadar gidan tarihi, 'yar ƙanenta ta ja ta suka je.

Goggo ta dinga shafa ginshiƙai, baki har kunne. A babban zaure sai ga keke irin nata sak, cikin gilashi.

"Ke 'yar nan, zo ki gani! Ashe ni ma kayan tarihi ce!"

Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta yafito mai gadi. "Ɗana, ku riƙa ɗiga masa mai."

Ranar duk wanda ya zo karɓar ɗinki sai da ya sha labari.