Sandar Mma

Farkon damina ne na ɗauki kyamarata daga unguwarmu Gumbihini na bi matan da ke tsintar kaɗanya a wani daji bayan Tamale. Fim nake haɗawa kan gonaki da dazuzzuka. Ban daɗe da dawowa daga ɗaukar masunta a bakin teku ba, kaina ya kumbura, gani nake babu mai ido irin nawa.

Babbar matan wata dattijuwa ce Badagomba, kowa Mma yake ce mata. Kafin ta sa hannu a ciyawa sai ta bubbuga wurin da sanda, sannan ta duƙa ta tsinci 'ya'yan. Na ɗauke ta sau ɗaya, na duba, bai yi min ba. Sandar ta tare hannun.

Na ce, "Mma, don Allah ajiye sandar nan, ki sake yi a gindin waccan bishiyar. Hasken can ya fi."

Ta ce, "'Yata, sandar ba ado ba ce."

Na ce ai minti ɗaya ne. Ni kuwa akwai naci kamar ƙuda. Ta dube ni, kunyar baƙuwa ta kama ta, ta jingine sandar.

Ta cikin kyamara na ga hannunta ya shiga ciyawa, ya fito da sauri. Ko ihu ba ta yi ba. "Maciji," kawai ta ce, ta zauna a ƙasa. Wata da ta hango shi ta ce kububuwa ce. 

A bayan motokin ɗin wani manomi, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, muka sa ta, kanta a cinyata. Hanya duk ramuka. Hannun yana kumbura ina kallo, kafin mu hau kwalta ya kai gwiwar hannu. Da ta tofa yawu na ga jini a ciki, sai addu'ar ma ta ɓace min, sunan Allah kawai nake maimaitawa. Tsoro nake kada ta cika a jikina. Kuma, in faɗi gaskiya, tsoro nake 'ya'yanta su tambaye ni ina sandarta take.

Allah ya sa akwai allurar maganin dafi a asibiti. Kwana uku likita bai ce mana komai mai daɗi ba, ni kuma na kasa haɗa ido da babbar 'yarta da ke jinya. Mma ta tashi, amma sai da aka yanke ɗan yatsan da macijin ya sara.

Ranar da za a sallame ta ta ce in nuna mata aikin. Ban iya buɗe hoton da na ɗauka na biyu ba, sai na kunna mata na farko, mai sanda. Ta kalla har ƙarshe, ta ɗago kai.

Ta ce, "To, 'yata, wannan ɗin me ya same shi?"