Ba a Gaya wa Zuma Ba

Shekara talatin da ɗaya Glenys Tudge ta yi tana aiki a ɗakin karatun ƙauyensu a yankin Shropshire, can ƙasar Turawa. Ta karanta littattafan labari ɗari biyu da sha huɗu a kan mutuwa da makoki, ta ware musu kanta uku kusa da taga. Duk wanda aka yi wa rashi, kafin ya zauna ta miƙa masa wanda ya dace da shi.

Wata Talata mijinta Wilf ya faɗi a lambu, bai tashi ba. Ya bar mata amyar zuma bakwai a bayan gida. Cikin kwana shida ta shirya jana'iza: mutum tamanin, shayi kofi ɗari da arba'in. Hawaye ko ɗigo. "Ya mutu" ma bai taɓa fita daga bakinta ba, sai dai "ba ya nan".

Rana ta tara da rasuwar, Cyril, ƙanen Wilf, ya leƙo ta shinge.

"Matar yaya, kin gaya wa ƙudan zuman?"

"Cyril, shekara saba'in da ɗaya, har yau hankali bai iso ba? Ƙwari zan yi wa sanarwar rasuwa?"

"Ke dai da littattafanki. Ɗauki makullin gida, ki ƙwanƙwasa kowace amya sau uku, ki ɗaura mata baƙin ƙyalle, ki ce maigidansu ya mutu. In ba a faɗa musu ba, tafiya suke yi."

"To kai ka faɗa mana, tun da bakinka ba ya hutu."

"Ba ni na gaje su ba."

Rana ta sha biyu, da tsakar rana, amya ta farko ta tashi. Glenys na shanya ta ga baƙin curin ƙudan zuma ya haye bishiyar tuffa ya nufi tudu. Ta ce zafi ne. Rana ta sha biyar amya ta biyu ta bi. Ta uku ba wanda ya ga fitarta, an dai buɗe an tarar da saƙa cike da zuma, ba mai tsaro. Saura huɗu, kuma kukansu ya canza, ya koma wani gurnani ƙasa-ƙasa da take ji har kicin.

Rana ta sha tara ta yayyanka baƙin siket ɗinta gida bakwai, ta ɗauki makulli. Ta ƙwanƙwasa ta huɗu sau uku. Shiru. Ta kara kunne, ba kowa.

A ta biyar gurnanin ya tsaya cak, kamar ana jiranta. Ta ƙwanƙwasa sau uku.

"Wilf," ta ce. "Wilf ya mutu."

Ta faɗa wa ta shida, ta faɗa wa ta bakwai. Sannan ta koma kan huɗun da ba kowa ciki, tana ƙwanƙwasawa tana faɗa, domin ƙyalle bakwai ta yanka.