Babur Ɗin Haladu Ya Tashi Ana Sujada

Kowace safiya, kafin Haladu ya karya kumallo, sai ya turo jan babur ɗinsa ƙofar gida a unguwar Gardole, ya goge shi da tsumma, ya ja da baya, ya danna telekoman, wato rimot ɗin babur ɗin. Babur ya yi kuwwa, kaji su watse, jariran maƙwabta su farka. Ran Talatar nan ma haka ya yi.

"Maigida, kowa ya ji," in ji matarsa Lauratu daga zaure. "Kunun zai huce."

Haladu ɗan tireda ne mai sayar da atamfa a Babbar Kasuwa. Daga Najeriya ya zo farkon shekarun dubu biyu, da tumbi da girman kai. Jiniyar hana sata da ya sa wa babur ita ce abin alfaharinsa: maɓalli ɗaya ya kulle, ɗaya ya buɗe, na uku ya tayar da inji daga nesa.

Al'adar 'yan layinsu ita ce, in an kira azahar, a jera babura a ƙofar masallaci a zura musu sarƙa guda. Malam Shu'aibu, dattijon layin, ya miƙo masa bakinta.

"Baba, sarƙa ai ta raƙumi ce," in ji Haladu. "Nawa da bakinsa yake kiran ubangidansa."

"To, Allah ya ba shi murya."

Ya ajiye babur can gefe, ya jefa telekoman a aljihun gaba na wata 'yar shara da ta matse shi, ya ratsa mutane har sahun farko, wurin da ba a taɓa gayyatarsa ba.

A sujadar farko tumbi ya danne maɓallin buɗewa. A ta biyu ya danne na tayarwa. Haladu ya ji injin da ya sani kamar muryar ɗansa yana ruri a waje. Wani mai wucewa ya ga babur a buɗe, a kunne, babu sarƙa, bai ga dalilin ƙin kyauta ba.

Haladu bai yanke salla ba. Kada a ɗauka tsoron Allah ne. Kunyar tsallake sahu shida ce ta riƙe shi. Yana zaman tahiya yana sauraren dukiyarsa tana nisa wajen unguwar Sabangali.

Sauran yinin ranar bai koma shago ba. Ya bi layi-layi har bakin kogi, yana nuna wa kowane jan babur telekoman, masu shi suna tambayarsa da Larabci ko lafiya. Babu babur ɗin da ya amsa.

Gab da magariba ya gano inda laifin yake, a ganinsa. Ya tsaya wurin mai gyaran agogo, ya sa aka sauya wa telekoman batir, ya ɗaga shi sama ya danna, ya kasa kunne.