Hannun Inna Tela a Kan Sitiyari

Inna Tela ba ta iya tuƙi ba, ba ta kuma taɓa sha'awar koya ba. Amma in zaman kujerar direba ake aunawa, ta fi wasu masu lasisi daɗewa a kanta, domin tun tana goyon fari take hawa tana juya sitiyari, motar kuwa tana tsaye cik a ƙofar gida.

Mijinta, wanda kowa ke kira Direba har da jikokinsa, ya yi aiki ne da masu haƙar rijiyar burtsatse. Shi ke kai su ƙauyukan da hanya ke ƙarewa kafin a iso su, a cikin wata jif mai dogayen ƙafafu, wadda tun a lokacin a ƙofar gidansa take kwana. Da ya ajiye aiki aka sa motar a gwanjo ya saye ta, suka dawo gida tare, kowa da irin nasa ciwon gwiwa. Fentinta ya koɗe, ƙofar baya igiya ke riƙe da ita. Babbar 'yarsu mai aikin asibiti, wadda ake kira Nas, akwala take ce mata, amma sai ta duba ta ga Baban ba ya kusa.

Direba yana da hanyarsa ta duba gaban mota. In sitiyari ya fara wasa, wato a murɗa shi kaɗan tayoyi su yi kamar ba da su ake ba, sai ya shimfiɗa kwali, ya zura ƙarƙashi, ya ƙwala kira:

"Injiniya!"

Inna ta tsayar da keken ɗinki, ta karkaɗe guntayen zare daga zaninta, ta hau. Aikinta shi ne ta yi ta kai sitiyari hagu da dama, shi kuma yana bin mahaɗan ƙarafa yana dafa kowanne da yatsu. Inda ƙarfe ya motsa ɗan'uwansa ya makara wajen binsa, nan ɓarnar take. Ba ya ɗaga motar da jak. Ya ce in babu nauyi a kan taya, mahaɗin da ya cinye sai ya yi lamo kamar na kirki.

A haka aka yanke yawancin shawarwarin gidan. Inna ta daɗe da gane cewa mutumin da ke kwance ƙarƙashin mota ba ya iya tashi ya ce yana da wurin zuwa. Makarantar da aka sa Nas, rufin ɗakin girki, sulhu da ƙaninsa, duk daga kan kujerar nan ta gabatar da su, amsa tana fitowa ta ƙasan ƙafafunta.

Bara ne aka yi tsautsayi. Ta juya, ƙarfe ya matse masa babban yatsa, farce ya fita ɗungurungum. Shi kam ya ɗaure da tsumma, kafin sabon farce ya fito ya manta. Ita ce ba ta manta ba. Tun daga ranar, in ta kama sitiyari sai ta riƙa lallaɓa shi kamar mai jijjiga jariri. Ba ta faɗa masa ba, domin ita kanta ba ta ɗauka wani abu ya canja ba.

Sai motar ta ɓullo da sabon ciwo. Ya ɗauko jikoki daga makaranta, yana ɗan gudu a kan kwalta, taya ta faɗa wani rami. Nan take gaban motar ya kama makyarkyata kamar mai zazzaɓin sauro, sitiyari yana fizge kansa daga hannunsa, sai da ya rage gudu har kusan tsayawa sannan ta lafa. Ƙaramin jikan ya tafa ya ce a sake. Babbar kuwa tana sauka ta kai wa uwarta Nas rahoto.

Nas ta zo ko kayan aiki ba ta cire ba. Ta gaishe su a ladabce, sannan ta ce, "Baba, yara dai sun gama shiga motar nan. Kai ma ban ga dalilin shigarka ba."

"Ɗan sanyi ne ya kama ta."

"Masu irin wannan sanyin nake karɓa kullum a kan gadon ɗaukar marasa lafiya."

Direba ma ya tsorata, Inna ta gani tun daga yadda ya bar shayinsa ya huce. Ya ce, "Ki ba ni zuwa ƙarshen wata. In na duba na rasa, ki kira mai sayen tsofaffin ƙarafa da kanki."

Inna ta san 'yarta ta yi gaskiya, ta kuma san mijinta. Lokacin da injin ya taɓa bugawa motar ta daɗe a ajiye, mutumin nan ramewa ya yi, ya koma zama a bakin ɗakin ɗinkinta yana ba masu kawo atamfa shawarar da ba su nema ba. Da motar yake kai maƙwabta gona, da ita yake jawo ƙananan motocin da suka maƙale a laka, ya dawo yana ba da labari har a gaji da ji. In aka raba shi da ita, ba ta san abin da zai riƙa tayar da shi da safe ba.

Aka shiga nema. Ya kai tayoyi wajen mai faci aka daidaita su, aka auna iska. Ya kama kowace taya sama da ƙasa ya girgiza ko boris ɗin da tayar ke juyawa a kai ne ya cinye, shiru. Wani bakanike abokinsa ya ce a canja shokazoban sitiyari. Aka canja, ta yi 'yan kwanaki lafiya har Direba ya fara tafiya yana fito, sai wani ramin ya tona asiri. Tsakanin wannan da wancan kuwa, kullum yana ƙarƙashi Inna tana sama, tana lallaɓa sitiyari, yana dafa mahaɗai yana jin komai garau.

Ranar da wata ya zo ƙarshe, da hantsi, ya sake shimfiɗa kwalinsa. Bai ce Injiniya ba. Cewa ya yi, "Zo mu gwada na sallama."

Ta hau, ta soma. Ya bi tayarod, sandar da ke haɗa sitiyari da tayoyi, ya bi ƙasan akwatin sitiyari, ya dawo ya sake bi. Tana jin nishinsa.

"Kina juyawa kuwa?"

"Ina juyawa mana."

"To ni ban ga komai ba." Ya yi tsaki, abin da ba halinsa ba. "Komai na gidan nan ya tsufa. Mota ta tsufa, ni na tsufa. Ke ma ɗinkin naki ya fara bin hanya. Wandon nan da ke jikina, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo."

Inna ta tsaya cak. A duniya za ka iya ce mata komai ta yi dariya, amma ban da ɗinki.

"Me ka ce, Malam?"

"Na ce ƙafa ɗaya..."

"Ƙafarka ce ɗaya ta fi ɗaya! Tun kana saurayi nake rufa maka asiri da almakashi, yau ni za ka gaya wa wando? Janye hannunka."

"Me?"

"Na ce janye hannunka daga ƙarfen nan!"

Sai da ya ce ya janye, ta sa ya rantse, sannan ta cafki sitiyarin da hannu biyu ta fizga hagu, ta maka shi dama, tana yi tana lissafa masa riguna da wandunan da ta ɗinka masa ba ko sannu. Motar gaba ɗaya ta kama rangaji. Daga ƙasa wani abu ya ce ƙwas, ya sake cewa ƙwas.

"Kar ki tsaya! Ci gaba da faɗan!"

"Wa ya ce maka na gama?"

Can ya gani da idonsa. Akwai wata doguwar sanda da ke kwance a gicciye, ita ke hana ƙafafun gaba zamewa gefe daga jikin motar. Robar da ke bakinta ta cinye ta ciki, daga waje kuwa sumul. Da ɗan lallaɓawa ba ta motsi. Sai da aka tura ta da ƙarfi jikin motar ya riƙa gocewa gefe kafin tayoyi su ankara.

Ya fito da rarrafe, giris har a gemu, yana dariya yana tari. Ya tsaya a bakin taga yana kallonta, sai dariyar ta ragu.

"Injiniya, ina wannan ƙarfin ya shiga duk kwanakin nan?"

Idonta ne ya sauka kan babban yatsansa da ke dafe da ƙofa, da sabon farcen da ya fito a karkace. Ya bi idon nata da kallo, ya ɓoye hannun a aljihu, ya yi gyaran murya.

"Wandon dai lafiyarsa ƙalau," in ji shi a hankali.

"Na sani."

Kafin la'asar an sa sabuwar roba, an ɗaure noti tam. Nas ta ce ba za ta yarda da labari ba sai ta gani, don haka ta shiga baya ta ƙanƙame kujera, Inna a gaba. Direba ya nufi ramin da ya fara jawo maganar, ya taka shi da gangan. Motar ta yi tsalle ta dire, ta miƙe sambal. Ya juyo ya sake takawa, sitiyari ko gezau.

"To, na gani," in ji Nas. "Amma yara sai ta yi wata guda ba ta yi ba."

"Na yarda, ranki ya daɗe."

Suna hanyar gida ya saci kallon matarsa. "Birkin baya ma yana son dubawa, kuma sai an taka shi da ƙarfi. Me zan ce miki gobe? Ko in taɓa maganar maɓallan rigata?"

"Taɓa ka gani," in ji Inna. "Ka dai tuna wa ke sama, wa ke ƙasa."