Tukunyar da Ba a Wankewa

Duk amaryar da aka kai ɗaki daga unguwar Fezzan da ƙamshin da ke tsayar da mutum a bakin ƙofa, to hannun Ya Gumsu ne. Turaren wuta take haɗawa tun tana budurwa. Mace ce da ba ta san zama ba. Ko sallah ta idar, kafin ka ankara ta miƙe tana juya hawin turare a kasko. Masu sana'ar sun cika Yerwa, kowace da sandal ɗinta da gajijinta, amma nata daban yake, kuma da bakinta takan ce ba gwanintarta ba ce, tukunya ce.

Baƙar tukunyar ƙasa ce da kakarta ta ɗauko a ka daga Kukawa. A ciki ake rufe turare ya kwanta kafin a sayar, kuma ba a taɓa wanke ta ba. Wa ya isa! Na kakar ya shiga jikin yumɓun, na uwarta ya hau kai, nata ya biyo, kowane sabon haɗi daga nan yake ɗaukar ƙamshinsa. In kewar uwarta ta ishe ta, murfi kawai take ɗagawa.

Sai ambaliyar ruwa ta ci gari. Aka fitar da ita da zanen jikinta tana tirjiya. Da ruwa ya janye ta dawo, katanga ta zube, tukunya ko sama ko ƙasa.

Ga shi an sa ranar jikarta Rumaisa'u, ta kuma rantse yarinyar ba za ta shiga ɗakin miji da turaren wani gida ba. Ta haɗa a kwano, maƙwabta suka yaba, ita kuwa ta sunsuna ta ture. Daga nan ƙafarta ba ta huta ba. Lungunan Fezzan, Moduganari, wajen 'yan gwangwan, duk ta bi tana tambaya, har aka fara cewa ruwa ya taɓa kan tsohuwa. Ta ce su faɗa, bakinsu ne.

Rumaisa'u ce ta nuna mata hoto a waya: wani gidan tarihi ya baje kayan da aka tsinta a laka. Ga tukunyar cikin gilashi, ga ɓarin bakinta da uwar Ya Gumsu ta liƙe da ƙaro. Ya Gumsu ko takalmi ba ta sa daidai ba, ta tare Keke Napep.

Ma'aikacin wurin, Malam Dzarma, mutum ne mai fara'a. Ya saurari labarin Kukawa bakinsa a buɗe, ya ce sun san tsohuwar tukunya ce, amma ba su san wacce ta ɗauko ta ba. Ya ce in tata ce ai sai ta tafi da abarta. Yana buɗe gilashin yana ba ta labarin wahalar da ya sha: laka ta daskare a ciki, ƙarƙashinta kuma wani baƙin danƙo mai kauri, sai da ya jiƙa ta da omo, ya kankare da soso har ta fito tas.

Ya Gumsu ta cusa fuska cikin tukunyar. Ta ja numfashi, ta sake ja. Ƙamshin omo kawai. Ranar ce uwarta ta mutu mata da gaske, ta tsaya nan hawaye na ɗiga cikin yumɓu. Faɗa ya zo mata har baki, amma ta ga bawan Allah yana murmushi, yana jiran yabo.

"Sannu da aiki, ɗana," ta ce. "Mayar da ita. Ka gaya wa masu kallo turare ake sawa a ciki."

Ba ta nufi gida ba. Kasuwar Monday ta wuce, ta yi ta ƙwanƙwasa tukwane har ta zaɓi wata sabuwa, ja, mai warin ƙasa. Da la'asar ta dawo gida, ta zuba haɗin amarya a ciki, ta rufe, ta kira Rumaisa'u ta ɗora hannunta a kan murfin.

"Wannan ba zan kai lokacin da za ta yi ƙamshi ba," ta ce. "Ke za ki kai. Kada ki bari kowa ya wanke ta."